Kaska ta addabe ni a gidan haya, an kuma hana kiwon kaji: in sayo zabbi in ɓoye?

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke zaune a gidan haya a Arkilla, cikin Sakkwato. Tana da raguna biyu a turke da jajayen awaki uku a bayan gida. Tun saukar ruwan farko kaska ta kama su, har ta fara ganinta tana hawan bango, ranar nan ma ta cire ɗaya a bayan kunnen ɗanta. Ta ga ana yaɗawa a Facebook cewa zabbi na cinye kaska ƙarƙaf. Sai dai takardar hayar da maigidanta ya sa wa hannu ta yarda da dabbar turke, ta hana kaji da duk wani tsuntsu, ga kuma wasu iyalai biyu da suke tsakar gida ɗaya da su. Ta ce: in sayo zabbi huɗu in ajiye ba tare da mai gidan ya sani ba?

Hajiya, sannu da fama, Allah ya tsare yaron. Shawarata kada ki sayi zabbin nan. Ko da a ce gidan na kanki ne, babu mai hana ki, da ba da zabo zan ce ki fara ba.

Zabo dai ba ya ɓoyuwa. Kowa ya san kukan zabuwa, ta fi namijin baki, kuma ba ta jiran wani dalili: baƙo ya shigo, shaho ya gifta, an rufe ƙofa da ƙarfi, duk sai unguwa ta ji. Tsuntsun daji ne da bai gama zama na gida ba. Katangar bulo ba komai ba ce a wurinsa, ya fi son kwana a kan dogon yaro da kwana a akurki, kuma in damina ta kankama zabuwa can za ta nemi wani lungu a kangon maƙwabta ta zuba ƙwai. Kwana biyu ya yi yawa maƙwabtanki su sani. In kuwa kika kulle su don kada a gan su, to kin sayi abin da ba zai yi miki aikin da kika saye shi dominsa ba, tunda kaskar tana waje su suna ciki.

Shi wannan suna da zabo ya yi a intanet daga Amurka ya taso. A arewa maso gabashin ƙasar suna fama da wata cuta da ake kira Layim, wadda wata ƙaramar kaskar barewa ke ɗauka, gidajensu kuma na da filayen ciyawa masu faɗi da ke jingine da daji. A 1992 aka wallafa wani ɗan bincike da aka yi a jihar New York da ya nuna manyan kaska sun ragu a filayen da zabbi ke kiwo. Daga nan labari ya bazu. Abin da masu yaɗawa ba sa faɗa shi ne, ƙananan kaskar, waɗanda su ne suka fi sa wa mutane cutar, zabbin ba su cika taɓa su ba. A Afirka ta Kudu kuma, inda zabon daji yake da yawa, masu bincike sun sha samun 'ya'yan kaska manne a kai da wuyan zabbi suna shan jini. Wato shi kansa zabon masaukinsu ne. Filin ciyawar Ba'amurke daban, bayan ɗakin da kika ɗaure raguna a Arkilla daban.

Kaza kuwa, gaskiya ne tana cin kaska, kuma ba ƙaramin ci ba. Duk wanda ya taɓa zuwa ruga da sassafe ya ga kaji suna zagaya shanun da ke kwance suna tsattsagar jikinsu, saniya har miƙe wuya take yi don a kai inda ke damunta, kamar yadda take yi wa carki a daji. Masana a Kenya sun auna wannan, aka wallafa a 1991. Sun saki kaji cikin shanun da kaska ta cika na tsawon rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan aka yanka aka ƙirga abin da suka haɗiya. An samu daga 3 har zuwa 331 a kaza ɗaya, matsakaicin lissafi 81. Ni da kaina ina ba masu shanu shawarar su bar kaji suna shiga garke saboda wannan.

Amma ki lura da wani abu a cikin binciken nan. Kaskar da kajin suka fi ci irin wadda ke taruwa a kunne da kan saniya ce, ta gabashi da kudancin Afirka, ba mu da ita a nan yammaci. In saniya ta kwanta, kunnenta na daidai bakin kaza. Tamu ta Sakkwato ba haka take zama ba.

Ɗauko ɗaya daga jikin ragonki ki duba ƙafafunta a haske. In kin ga zobe-zobe fari da ja kamar an yi mata ado, to ita ce wadda likitoci ke kira Hayaloma, kuma tana da yawa a ƙasarmu ta Sakkwato saboda tana jure zafi da bushewar da ke kashe sauran. Raƙuman da ke saukowa daga Nijar ma suna da irin tasu. Bakinta dogo ne, tana nitsa shi can cikin fata, kuma wuraren da take zaɓa su ne ƙarƙashin wutsiya, gefen dubura, hantsa, maraina, da tsakanin kofato. Rago ya fara ɗingishi ba ciwon da ake gani, a buɗa kofaton, sau da yawa ita ce a ciki. Kaza ba ta kaiwa waɗannan wurare, in ma ta kai, cizge mai dogon baki ba sauƙi ba ne, rago kuma ba shi da haƙurin saniya. Akwai ta biyu, namijinta mai zanen ruwan goro a baya, wadda ke fitowa da ƙarfi a farkon damina. Ita ce ke tafiya tare da kirci, tana kuma ɗauke da wata cuta da ke tara ruwa a kewayen zuciya, akuya ta yi ta juyi tana harba ƙafa ta mutu cikin kwana kaɗan. Ta ukun ita ce mai launin toka-toka, gajeren baki, ta jikin shanu, mai kawo fitsarin jini. Ita ce kaza ta fi iya tsincewa.

Maganar da ta fi tsaya mini a tambayarki ita ce kin ga kaska na hawan bango. Wannan ya nuna ta riga ta yi gida. Macen kaska in ta sha jini ta kumbura kamar ɗan wake, sai ta saki dabba ta faɗo, ta rarrafa ta shige tsagar bango ko ƙarƙashin kwanon ruwa ko cikin tarin taki, ta zuba ƙwai dubbai a zama ɗaya, sannan ta mutu. Wasu nau'in sukan haura dubu goma. Bayan 'yan makonni ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito ƙanana kamar ƙwayar yashi, da ƙyar ido ke ganinsu, kuma suna iya yin watanni ba su ci komai ba suna jira. Abin da kike gani a jikin rago kaɗan ne daga abin da ke cikin gini. A nan kaza ke da amfani na gaske: duk macen da ta tsince kafin ta shige tsaga, an yi maganin dubbai. Wadda ta riga ta shige kuwa, bakin kaza ba ya kai mata.

Ki kuma bincika ko akwai kare a gidan ko a maƙwabta. Kaskar da ta fi shahara da hawan bango har ta shiga ɗakin kwana ita ce jar kaskar kare. Tana iya yin rayuwarta gaba ɗaya a cikin gini ba ta taɓa fita daji ba, hawa sama kuma ɗabi'arta ce, har bakin silin ake samunta. In ita ce, ko kaji ashirin kika zuba ba za ta ƙare ba sai an yi wa karen magani. Ki tara kamar guda goma, na bango daban na dabba daban, a 'yar kwalba mai murfi, a kai asibitin dabbobi na gwamnati ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Dubawa ɗaya za a gaya miki ko wace iri ce.

Wani abin da ba a faɗa wa masu sha'awar wannan dabara shi ne kaza na da kaskarta. Fale-fale ce, mai taushin jiki, babbarta ba ta zama a jikin kaza da rana, 'ya'yanta ne ke maƙale a ƙarƙashin fiffike. Tana laɓewa a tsagar akurki da ƙarƙashin ɓawon itace, dare ya yi ta fito ta sha jini ta koma. Ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu ita take so, kuma tana iya yin fiye da shekara ba ta ci ba. Kaji su rame, tukkunsu ya yi fari, ƙwai ya tsaya, wasu su kama zawo kore su mutu, mai su na cewa iska ce. In kika sayo kaji a kasuwa ba ki ɗaga fikafikansu kin duba hammata ba, ko kika karɓi tsohon akurkin wani, kina iya ƙara wa gidan kaska ta biyu a kan ta farko.

To yanzu me za ki yi a makon nan, da kaji ko babu kaji?

Dabba biyar ba su fi ƙarfin hannu ba. Iyayenmu a ruga tsinta suke yi kowace safiya, kuma har gobe babu abin da ya fi ta ga mai dabbobi kaɗan. Amma ki sa safar hannu ko leda, ki jefa abin da kika cire a gwangwani mai ɗan kananzir ko a wuta. Don Allah kada a fasa kaska da farce, kada kuma a bar yara su yi. Ita mai zoben ƙafa ita ce ke ɗaukar zazzaɓin nan mai sa zubar jini da ake kira Kirimiya-Kwango, an kuma tabbatar da ƙwayar cutar a dabbobi da kaskar Najeriya tun shekaru da dama. Dabbar da ke ɗauke da ita ba ta nuna alamar komai, mutum ne ke kwanciya, kuma jinin kaskar da aka fasa na daga cikin hanyoyin kamuwa. Ba kullum ake samunta ba, amma in ta zo tana kisa.

Sai magani. A kantin maganin dabbobi za a ba ki amitaraz ko saifametirin na wanka da feshi. Ki sa likita ko ma'aikacin dabbobi ya nuna miki awon ruwa, a bi abin da ke jikin kwalba daidai. Masu ƙara yawa don ya fi ƙarfi suna kashe awaki, masu ragewa don ya daɗe suna koya wa kaska jure magani. A jiƙa ƙarƙashin wutsiya da hantsa da kofato sosai, don a bayan dabba kaɗai mutane ke fesawa su tafi. In akwai doki a kusa, amitaraz ba ya taɓa shi, yana tsayar masa da hanji har ya kai ga mutuwa; wannan na faɗa ne saboda garinmu garin dawaki ne. Baƙin mai na inji, fiya-fiya, da maganin feshin gona duk ba na jikin dabba ba ne. In kuma ragunan na sayarwa ne ko na layya, ki tambayi kwanakin da za a jira kafin yanka. Allurar kashe kaska da tsutsa ta aibamektin musamman makonni take buƙata kafin naman ya halatta ga ciki, haka nonon akuyar da yara ke sha.

Babban aikin yana ga bango da ƙasa. A kwashe takin gaba ɗaya a fitar, a kankare ƙasar makwancin, a ɗaga duk wani dutse, tsohuwar taya da buhu. A fesa maganin cikin kowace tsaga tun daga ƙasa har sama, sannan a samo magini ya toshe tsagogin da siminti ya shafe, a bi da farar ƙasa. Farin bango na da wani amfanin: duk kaskar da ta hau za ki gan ta. Bayan mako biyu a maimaita feshin, a sake bayan wasu biyun, domin magani ba ya cin ƙwai, sai sun ƙyanƙyashe. Mafi yawan masu cewa magani bai yi ba, sau ɗaya suka fesa suka bari.

Ki kuma tuna ta ina ta shigo. Dabbar da aka sayo a Kara, ko Acida, ko Illela ta kwana cikin ɗaruruwan dabbobin da suka fito daga ko'ina. Duk sabuwar da za ta shigo gidanki a yi mata wanka tun a ranar, a ɗaure ta gefe na mako biyu. In awakinki na fita yawo cikin unguwa suna dawowa, kullum da sabuwar tsaraba za su dawo.

Game da yaron. In kin sake ganin kaska a jikinsa, ki kama ta da ɗan ƙaramin hantsaki daf da fata, ki ja a miƙe a hankali, ba murɗawa, sannan ki wanke wurin da sabulu. Kada a ɗiga mata kananzir ko a kusanta mata ashana tana jikin mutum. In cikin kunne ta shige, asibiti za a je, kada a sa tsinke. Ki riƙa duba kansa, bayan kunne, hammata da matsematsi lokacin wanka. Kuma in zazzaɓi ya kama shi cikin mako biyu da cizon, ki buɗe baki ki gaya wa likita cewa kaska ta cije shi. A damina duk zazzaɓin da ya je asibiti na sauro ake fara zato, in ba ki faɗa ba babu mai tambaya.

Mu dawo kan mai gidan. Sharaɗin nan maigidanki ya karɓa ya sa hannu, kuma mun san Musulmi suna kan sharuɗɗansu, farkon Suratul Ma'ida ma da cika alkawari ta buɗe. Ban da wannan, in aka kama ku, wanda zai ji kunya a gaban maza shi ne maigidan naki, kuma abin da za ku iya rasawa ya fi zabbi huɗu: ana iya cewa har ragunan a fitar, ko a ƙi sabunta haya. In maƙwabta suka kai ƙara wurin duba-gari kan ƙazanta, ba tsuntsayen kaɗai za su duba ba. Mai gidan ma ina ganin yana da hujjarsa. Tsakar gida ɗaya, wata ta shanya gero, wata ta shimfiɗa tabarmar salla, yaro na rarrafe, kaza kuwa ba ta san iyaka ba. Rigingimun gidan haya da yawa daga kashin kaza suka faro. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006 kuma, wasu masu gidaje suka ƙara tsananta wannan sharaɗi.

Sharaɗin da mutum ya gindaya, shi ke da ikon sassauta shi, don haka a je masa ta ƙofa. Ki fara da matan gidan, su ma 'ya'yansu na wasa a ƙasar nan, kaskar ba ta tambayar ɗan wane ne. In sun yarda, maigidanki ya sami mai gidan ko wakilinsa, in da hali da wani dattijo da yake jin nauyinsa ko mai unguwa. Ya tafi da kwalbar kaskar a aljihu ya nuna masa. Ya fara da abin da ya shafi mai gidan kai tsaye: kaska ta shiga ginin, za mu toshe tsagogi mu shafe da kuɗinmu, ko a raba. Babu mai gidan da zai ƙi a gyara masa bango. Daga nan sai a kawo roƙon, a kuma kawo shi ƙarami: kajin Hausa mata uku ko huɗu, babu zakara, don kaza na yin ƙwai ba tare da shi ba kuma cararsa ce ke tada mutane, a kewaye wurin dabbobin da ragar waya yadda ba za su fito tsakar gida ba, a gwada wata uku na damina, in wani ya koka a yanka su. In ya amince, a rubuta a bayan takardar hayar ya sa hannu, saboda gobe.

In an samu izinin, kajin gida za ki nema, masu tono, ba na gidan gona da suka saba da abinci a kwano ba. Ki sake su cikin dabbobin da sassafe kafin ki ba su dusa, lokacin suna jin yunwa dabbobin kuma na kwance. Akurkin ya zama na ƙarfe da waya, ɗagagge daga ƙasa, nesa da bango kaɗan, don kaskar kaji ta rasa maɓoya. A yi musu rigakafin annobar nan da ke share kaji da hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil; cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin irin wanda ake ɗigawa a ido, ma'aikatan dabbobi sun san shi. Abu ɗaya kuma da nake roƙonki kada ki manta: ranar da aka yi feshi, kaji a kulle, har kwana biyu zuwa uku, sai an share matattun kaskar an ƙone. Na taɓa zuwa wani gida da aka wanke shanu da yamma aka saki kaji da safe, suka bi kaskar da ta zubo suka tsince. Kafin azahar bakwai sun mutu, matar gidan tana kuka tana cewa sammu aka yi mata. Waɗanda suka rayu ma sai da na hana a ci ƙwansu na wani lokaci.

In kuma ya ƙi, ki karɓa da hannu biyu, ba ki yi asarar wani abu mai yawa ba. Tsinta, wanka, shafe bango da killace sabuwar dabba su ne za su fitar da kaskar daga gidan, kuma duk cikinsu babu wanda takardar haya ta hana. Ki ware safiya biyu a mako, ki ɗaga wutsiyar kowace dabba, ki buɗa kofato, ki bi farin bangon da ido daga ƙasa zuwa sama. Ki ci gaba da haka har ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, ko da kin daina ganin komai tun a watan Agusta.